Juyin Da Ke Ɓoye Cikin Miƙaƙƙiyar Tafiya: Ni'imar Da Muke Takawa Ba Mu Sani Ba

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya tsayar da ɗan Adam a kan dugadugansa biyu, Ya kuma hore masa ƙasa domin ya yi yawo a sasanninta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai ni'imomin da yawan ganinsu ya sa muka daina lura da su, kuma tafiya da ƙafa tana sahun gaba a cikinsu. Magidanci yakan taka zuwa masallaci sau biyar a yini. Ɗalibi yakan taka daga ɗakin kwana zuwa aji. Uwa takan yi ta kai-kawo tsakanin madafa da tsakar gida tun daga asuba har dare. Amma da wuya a sami wanda ya taɓa tambayar kansa yadda jikinsa yake kammala taku guda ɗaya ba tare da ya kife ba. Alhali Alƙur'ani mai girma ya ja hankalinmu ga wannan al'amari. A Suratun Nur, aya ta 45, Allah Maɗaukaki Ya rarraba halittu masu motsi gwargwadon tafiyarsu: masu jan ciki, da masu ƙafa biyu, da masu ƙafa huɗu. A Suratuz Zariyat kuma, aya ta 21, Ya tuhumi bayi a kan rashin duban ayoyin da ke cikin jikunansu.

Abin da za mu duba a yau ɓangare ɗaya ne na wannan aya. Mutumin da muke gani ya miƙe hanya ɗoɗar, jikinsa juyawa yake yi a kowane taku. Ƙugu yana karkata wani gefe, kafaɗu suna karkata ɗaya gefen, cinya da ƙwauri suna murɗawa ciki da waje. Miƙewar da ido yake gani sakamako ce ta juye-juye masu yawa waɗanda kowanne yake warware ɗan'uwansa. Wanda ya fahimci wannan zai ƙara godiya ga Mahaliccinsa, zai gane hikimar wasu ladubban tafiya da suka zo a Sunna, zai kuma iya tsare tsofaffin gidansa daga faɗuwar da takan kwantar da su har ƙarshen rayuwa.

Abin da ke faruwa a taku guda

Masana motsin jiki suna ƙirga zagayen tafiya ne daga lokacin da dunduniyar ƙafa ɗaya ta taɓa ƙasa har zuwa lokacin da wannan dunduniyar ta sake taɓawa. A cikin wannan zagaye, kowace ƙafa takan shafe kimanin kashi 60 cikin 100 na lokacin a ƙasa, sauran kashi 40 kuma tana sama tana lilo zuwa gaba. Ɗan lokaci kaɗan ne ƙafafun biyu suke haɗuwa a ƙasa tare. Ma'ana, mafi yawan tafiyarmu a kan ƙafa ɗaya muke yin ta.

A nan ne matsalar juyi take fitowa. Ƙafar dama tana gefen dama na jiki, ta hagu tana gefen hagu. Idan ƙafar dama ta wurga gaba, ta hagu kuma ta rage a baya, jiki yakan so ya juya zuwa hagu. Idan ta hagu ta wurga, sai ya so juyawa zuwa dama. Duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwale ya ga irin wannan: idan mai fito ya yi ta tuƙi ta gefe guda, jirgin zagaye zai riƙa yi a tsakiyar ruwa, sai ya mayar da filafilinsa ɗaya gefen sannan hancin jirgi ya miƙe. Kuma ƙafa ba ƙaramin kaya ba ce. Kowace ɗaya, daga kwatangwalo zuwa yatsu, tana ɗauke da kimanin kashi 16 cikin 100 na nauyin mutum.

Ƙashin ƙugu shi ma yana bin ƙafar da ke gaba. A shekarar 1953 wasu masana uku a Kalifoniya ta ƙasar Amurka, Saunders da Inman da Eberhart, suka wallafa wani shahararren nazari a kan tafiyar ɗan Adam, inda suka nuna cewa ƙugu yana juyawa kimanin digiri 4 zuwa kowane gefe, jimilla digiri 8. Domin mu gane ƙanƙantar wannan, dogon hannun agogo yana gusawa digiri 6 ne a cikin minti ɗaya. Wato juyin ƙugu zuwa gefe guda bai kai gusawar hannun agogo ta minti ɗaya ba. Duk da haka yana tura kwatangwalon ƙafar da ke lilo zuwa gaba, ya ƙara wa taku tsawo, musamman idan mutum yana sauri.

Tufka da warwara mai amfani

Bahaushe yana kiran aikin banza da tufka da warwara. To, ga wuri guda inda tufka da warwara ta zama rahama. A daidai lokacin da ƙafar dama take gaba, hannun hagu ne yake gaba, na dama yana baya. Ƙafafu suna tufka juyi zuwa hagu, hannuwa da kafaɗu suna warware shi zuwa dama. A taku na gaba sai al'amarin ya sauya. Haka ake yi dubban sau a yini ba tare da mun ba da umarni ko sau ɗaya ba.

Mai tunani zai ce: yaya hannu, wanda bai wuce kimanin kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki ba, zai iya taka wa ƙafa burki? Amsar tana jikin ƙofar ɗakinmu. Kafinta yakan sa mariƙin ƙofa nesa da inda aka maƙala ta, domin ƙaramin ƙarfi daga nesa ya fi juya abu a kan babban ƙarfi daga kusa. Ƙafafu suna wucewa ne dab da tsakiyar jiki, hannuwa kuwa suna rataye a ƙarshen kafaɗu, can nesa da tsakiya. Faɗin kafaɗa ne ya rama wa hannu abin da ya rasa na nauyi.

Masana sun daɗe suna bin diddigin wannan. A ƙarni na 17, Borelli ɗan ƙasar Italiya ya yi nazarin gaɓoɓin mutum da na dabbobi da ma'aunin lissafi. A 1836 wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa, Wilhelm da Eduard Weber, suka kwatanta ƙafar mai tafiya da abin lilo. A 1939 Herbert Elftman ya yi bayanin aikin hannuwa wajen rage juyin jiki. A 2008 kuma Hugh Herr da Marko Popovic na jami'ar MIT a Amurka suka auna ƙarfin juyin kowace gaɓa a jikin masu tafiya, suka tarar cewa idan aka haɗa su duka, abin da yake saura kaɗan ne ƙwarai, domin mafi yawansa gaɓoɓin sun riga sun soke wa juna shi.

Shekara ɗaya bayan haka, a 2009, Collins da Adamczyk da Kuo suka yi wani gwaji da ya ƙara fito da al'amarin fili. Suka sa mutane tafiya ta hanyoyi daban-daban suna auna kuzarin da jikinsu yake ƙonawa. Da mutanen suka ƙame hannuwansu a gefe suka hana su lilo, sai kuzarin da suke ƙonawa ya ƙaru da kashi 12 cikin 100. Da aka sa su wurga hannun dama tare da ƙafar dama, na hagu tare da ta hagu, sai ya ƙaru da kashi 26. Murɗar da tafin ƙafa yake yi wa ƙasa domin ya hana jiki juyawa ita ma ta ƙaru da kashi 63 idan hannuwa ba sa lilo. Ashe wannan kaɗa hannu da muke ɗauka al'ada ce kawai, wani rangwame ne da ake yi mana a kowane taku.

Tsakanin ƙugu da kafaɗu akwai ƙashin baya, kuma shi ne yake ɗaukar murɗawar. Ƙasusuwa biyar na kwankwaso an gina su ta yadda suke lanƙwasa gaba da baya cikin sauƙi amma juyinsu kaɗan ne. Goma sha biyu na bayan ƙirji su ne suka fi iya juyawa. Idan mutum yana tafiya a hankali ƙwarai, ƙugu da ƙirji sukan karkata kusan tare. Idan ya ƙara sauri sai su rabu, wannan ya yi nan wancan ya yi can, kamar yadda mai wanki yake matse zane da hannu biyu. Tsokokin ciki da na baya suna miƙewa a wannan murɗawa, sa'an nan su taimaka wajen dawo da jiki a taku na gaba.

Daga kwatangwalo zuwa tafin ƙafa, da kai mai natsuwa

Juyin yana gangarawa ƙasa. Lokacin da dunduniya ta sauka, cinya da ƙwauri sukan ɗan murɗa zuwa ciki. Kafin ƙafa ta bar ƙasa sai su murɗa zuwa waje. Tafin ƙafa kuwa yana manne da ƙasa, ba zai iya bin su ba. Da ƙafa dunƙulen ƙashi ɗaya ce, da gwiwa ce za ta sha wannan murɗa har ta lalace. Sai aka gina ƙafa da ƙasusuwa 26, aka sa wata gaɓa a ƙarƙashin idon sawu wadda take karɓar juyin ƙwauri ta mayar da shi karkatar tafin ƙafa. Idan ƙwauri ya murɗa ciki, tafin yakan saki ya baje, ya dace da yashi ko tsakuwa ko kunyar gona. Idan ya murɗa waje, tafin yakan ƙame ya yi tauri domin ya tura jiki gaba. Ƙafa guda ta zama matashi a farkon taku, ta zama madogara a ƙarshensa, duk cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Can sama kuma kai yana zaune daram. A cikin kowane kunne akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, kowanne yana jin juyin kai ta fuska guda. Su ne suke sanar da ƙwaƙwalwa duk wata karkata, ita kuma ta umarci tsokokin wuya da na ido su gyara nan take. Shi ya sa muke iya karanta rubutun da ke jikin allo muna tafiya ba tare da haruffa sun yi mana rawa ba. Mu dubi yarinyar da ta ɗauko tulun ruwa a kan gammo: ƙugunta yana kaɗawa, kafaɗunta suna amsawa, amma tulun ko gezau. Ba ta karanta wannan a littafi ba. An gina shi a jikinta, ta kuma goge da yi.

Yaro ma ba da wannan ƙwarewa ake haihuwarsa ba. Idan ya fara tatata, yakan buɗe ƙafafu ya ɗaga hannuwa sama, jikinsa yana tafiya dunƙule guda. Sai bayan watanni hannuwan suke sauka su fara saɓa wa ƙafafu, kuma tafiyar takan ɗauki shekaru kafin ta nuna. Idan tsufa ya zo, taku yakan gajarta, juyin ƙugu da na ƙirji ya ragu, jiki ya soma komawa dunƙule kamar yadda ya fara. Suratur Rum, aya ta 54, ta ba mu wannan jeri: rauni, sa'an nan ƙarfi, sa'an nan rauni da furfura.

Ya kamata mu yi wa ɗalibai wata tunatarwa a nan. Imaninmu da Alƙur'ani bai rataya a kan sakamakon wani gwaji ba, kuma ba daidai ba ne mu riƙa lanƙwasa aya domin ta dace da kowane sabon bincike. Masana uku na 1953 sun ɗauka cewa babban aikin juyin ƙugu shi ne rage hawa da saukar jiki a lokacin tafiya, sai waɗanda suka biyo bayansu suka auna suka tarar tasirinsa a wannan fanni kaɗan ne. Haka ilimin ɗan Adam yake, na baya yana gyara na gaba. Abin da aka umarce mu shi ne tafakkuri: mu dubi aikin, mu gane Mai aikin.

Tafiyar da Sunna ta koyar

Musulunci bai bar tafiya ba ladabi ba. A cikin wasiyyar Luƙman ga ɗansa, ayoyi na 18 da 19 na surar da ke ɗauke da sunansa, an hana tafiyar girman kai, an yi umarni da tsakaitawa. Suratul Isra'i, aya ta 37, ta tuna wa mai taƙama cewa ba zai tsaga ƙasa ba, ba kuma zai kai duwatsu tsawo ba. Suratul Furƙan, aya ta 63, ta fara siffanta bayin Mai rahama da sauƙin tafiyarsu.

Wasu sun fahimci wannan sauƙi da cewa shi ne langaɓewa da jan ƙafa da sunkuyar da wuya. Siffar Manzon Allah (SAW) ta kore wannan fahimta. Imam Tirmizi ya ruwaito a Shama'il daga Sayyidina Aliyu (RA) cewa Annabi yakan ciro ƙafarsa daga ƙasa da ƙarfi, ya ɗan karkata gaba kamar mai gangarowa daga tudu. Abu Huraira (RA) kuma ya ba da labarin cewa sukan wahalar da kansu domin su cim masa, shi kuwa babu alamar wahala a tare da shi. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya lissafa nau'o'in tafiya goma a Zadul Ma'ad. Ya zargi tafiyar mai macewa wanda yake tafiya dunƙule guda kamar icen da aka ɗauko, ya zargi ta mai gaggawa da rawar kai irin ta raƙumi marar natsuwa, ya yabi wadda take tsakaninsu.

Idan muka ɗora wannan a kan abin da ya gabata, za mu ga cewa kowace daga cikin tafiyoyin da aka zarga tana taɓa daidaiton juyi. Mai taƙama yana ƙara wa kafaɗunsa juyin da tafiya ba ta buƙata, ya buɗe hammata, ya yi ta bunƙasa domin a gan shi. Mai rangwaɗa yana ƙara wa ƙugu. Mai macewa yana kashe lilon hannu da murɗawar baya gaba ɗaya. Tafiya ta ɗabi'a, wadda aka bar kowace gaɓa ta yi gwargwadon aikinta, ita ce ta fi sauƙi ga jiki kuma ta fi nisa da riya. Illar taƙama ta asali a zuciya take. Shi ya sa da Abu Dujana (RA) ya yi ta a gaban abokan gaba ranar Uhudu, Annabi (SAW) ya bayyana cewa tafiya ce da Allah Yake ƙi sai dai a irin wannan wuri.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira hani ga tafiya da takalmi ƙafa ɗaya: ko dai a sa duka biyu, ko a cire duka. Daga cikin hikimomin da masu sharhi suka ambata akwai cewa hakan yana fitar da mutum daga tafiyarsa ta ɗabi'a, yana jawo tuntuɓe, kuma rashin adalci ne tsakanin gaɓoɓi. Wanda ya san cewa tafiya musayar juyi ce tsakanin dama da hagu zai ga yadda ɗaga ɓangare ɗaya yake karkatar da ƙugu ya tilasta wa baya ramawa. Irin wannan karkata tana samun wanda dunduniyar takalminsa ɗaya ta cinye, da ɗalibin da kullum yake rataya jaka mai nauyi a kafaɗa guda.

Haka nan sun ruwaito umarni ga wanda ya ji an tayar da salla da ya zo da natsuwa, kada ya zo da gudu, ya sallaci abin da ya riska, ya cika abin da ya kuɓuce masa. Sai mu ƙara da wata fitina ta wannan zamani, wato tafiya ana latsa waya. Wani bincike da aka gudanar a ƙasar Ostireliya aka wallafa a 2014 ya nuna cewa mai rubuta saƙo yana tafiya yakan rage sauri, ya kauce daga miƙaƙƙen layi, kansa kuma ya ƙame da ƙirjinsa su riƙa motsi tare. Hannuwa sun kama waya, ido ya bar hanya, wuya ya daskare. Duk abubuwan da aka ba shi domin daidaita tafiya ya ɗaure su da kansa, a kan titin da babura da motoci suke giftawa.

Inda haɗari ya fi yawa: juyawa

Duk abin da muka faɗa game da miƙaƙƙiyar tafiya ne. Amma rayuwar gida cike take da kwana: daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa bayi, daga randa zuwa tabarma. Idan mutum zai yi kwana, dole ya bar wani juyi ba tare da ya warware shi ba, gwargwadon buƙata daidai, sa'an nan ya tsayar da shi. A jikin mai lafiya ido ne yake fara juyawa, sai kai, sai ƙirji, sai ƙugu, sai ƙafafu. Ƙafar waje takan yi dogon taku, ta ciki ta yi gajere.

Alhazanmu sun san wannan a aikace. Ɗawafi zagaye bakwai ne, Ka'aba tana hagu, don haka ƙafar hagu ce ta ciki, ta dama ta waje, kuma cunkoso yakan hana hannu lilo. A zagaye uku na farko na ɗawafin isowa an sunnanta wa maza sassarfa, wato gajerun taku masu sauri tare da girgiza kafaɗu. Asalinta, kamar yadda Ibn Abbas (RA) ya ruwaito, shi ne umrar shekara ta 7 bayan Hijira, lokacin da mushrikai suka ce zazzaɓin Yasriba ya raunana Musulmi, sai Annabi (SAW) ya umarce su da nuna ƙarfinsu. Tafiya shaida ce ta lafiya, kuma maƙiyi ma ya san karanta ta. Ga wanda ba ya iyawa kuwa akwai sauƙi. Da Ummu Salama (RA) ta koka da rashin lafiya, an umarce ta ta yi ɗawafi a kan abin hawa ta bayan mutane. Dattijon da aka tura a keke bai rage komai daga ibadarsa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe kimanin mutum 684,000 a kowace shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi mutuwa ta wannan hanya. Faɗuwar da ta auku a lokacin juyawa ta fi muni, domin mutum yakan faɗi ta gefe ne, a kan kwatangwalo. Karayar kwatangwalo ga tsoho kuwa sau da yawa ita ce mafarin kwanciyar da ba a tashi.

Saboda haka biyayya ga iyaye tana da aiki a nan. Kada mu ƙwala wa dattijo kira daga bayansa yana cikin tafiya, domin zai murɗa wuya da ƙirji alhali ƙafafunsa ba su shirya ba. Mu zagayo ta gabansa mu gaishe shi. Mu koya wa iyayenmu juyawa da ƙananan taku biyu ko uku, maimakon murɗawa a kan ƙafa ɗaya. A cikin siffofin Annabi (SAW) ya zo cewa idan zai waiwayi mutum yakan juyo gaba ɗayansa. Malamai sun fassara shi da cikar fuskantar abokin magana da nisantar satar kallo, kuma wannan ladabi ya dace da abin da ya fi aminci ga tsoho. Mu sa fitila a hanyar bayi saboda tashin dare da na asuba. Mu kawar da gefen tabarma da ya naɗe da igiyar da ta gitta. Mu sauya silifas ɗin da ƙasansa ya sule. Kwamitocin masallatanmu su dubi wuraren alwala da aka shimfiɗa wa tayil mai santsi, inda tsoho zai tashi daga tsugune ya juya da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Kafa ƙarfen dafawa da gyara magudanar ruwa suna cikin gusar da cuta daga hanya, wanda hadisi ya ƙirga a rassan imani.

Idan tafiya ta sauya

Tafiyar mutum tana ba da labarin jikinsa tun kafin bakinsa ya faɗa. Masu ciwon baya na dogon lokaci sukan ƙame ƙugu da ƙirji su riƙa motsa su tare saboda tsoron zafi, kuma likitoci a yau suna shawartar mafi yawansu da ci gaba da motsi a hankali maimakon doguwar kwanciya. Idan muka lura hannu ɗaya na mahaifinmu ya daina lilo, takunsa ya gajarta yana jan ƙafa, yana juyawa dunƙule guda da ƙyar, wannan yana daga alamomin farko na cutar karkarwar jiki da ake kira Fakinsan, kuma akwai magungunan da suke sassauta ta. Idan kuwa farat ɗaya hannu da ƙafa na ɓangare guda suka mutu, baki ya karkace, magana ta sarƙe, to wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, kuma asibiti ake nufa a wannan sa'a.

A nan ne gidaje da yawa suke yin asara. Sai a ce ya taka sammu, ko iska ta buge shi, a yi ta hayaƙi da shafe-shafe har lokacin da magani zai yi amfani ya wuce. Ruƙya ta shari'a halal ce, addu'a kuma makamin mumini ce, amma wanda ya koya mana su shi ne ya umarce mu da neman magani, ya kuma sanar da mu cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. Ana iya yi wa marar lafiya addu'a a cikin motar da take kai shi asibiti.

Wanda kuma Allah Ya jarraba da ɗingishi, ko ta shan inna, ko ta haɗari, ko ta haihuwa, jikinsa yana ƙoƙarin da namu ba ya yi: yana neman sabon daidaito a kowane taku, da ƙarin wahala. Abin kunya ne yaran Musulmi su riƙa kwaikwayon tafiyarsa manya suna dariya. Suratul Hujurat ta haramta izgili, Suratun Nur da Suratul Fathi sun ɗauke wa gurgu ƙunci. Amru bin Jamuh (RA) gurgu ne, ya nace sai ya fita Uhudu yana fatan ya taka Aljanna da gurguntarsa, ya kuma yi shahada a can. Da sahabbai suka yi dariyar sirantar ƙwaurin Abdullahi bin Mas'ud (RA), Annabi (SAW) ya sanar da su cewa sun fi dutsen Uhudu nauyi a kan mizani.

Haƙƙin gaɓoɓi

Imam Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa an halicci ɗan Adam a kan gaɓoɓi 360. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abu Huraira cewa kowace gaɓa tana da sadakar da ake binta a kowace rana, aka lissafa a ciki sulhu tsakanin mutum biyu, da taimaka wa mutum ya hau abin hawansa, da kyakkyawar magana, da kowane taku zuwa salla. Da Banu Salima suka so su taso su dawo kusa da masallacin Annabi, ya umarce su da zama a unguwarsu domin ana rubuta musu sawunsu.

Kowane taku da muka yi, ƙugu ya juya, kafaɗa ta amsa, hannu ya rama, idon sawu ya sassauta, kunne ya auna, laka da ƙwaƙwalwa suka tsara, mu kuwa hankalinmu yana kan farashin kasuwa. An ɗauke mana wahalar yadda za mu taka, aka bar mana zaɓin inda za mu taka, kuma a kan wannan zaɓi ne ƙafafu za su ba da shaida ranar da za a rufe bakuna, kamar yadda Suratu Yasin ta faɗa a aya ta 65.

Muna roƙon Allah Ya jiyar da mu daɗin gaɓoɓinmu muddin muna raye, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare iyayenmu daga faɗuwa, Ya tabbatar da dugaduganmu a kan hanya madaidaiciya a duniya da kuma kan siraɗi ranar gobe ƙiyama. Amin.